Hikima ko Umarni: Yadda Malaman Katolika na Tsakiyar Zamani Suka Fahimci Kyau da Muni

"Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce a tsangayar shari'a, ajin ƙarshe. A darasin falsafar doka an koya mana cewa Toma Akwinas ya ce hankalin ɗan Adam yana iya gane abu mai kyau da marar kyau ko da wahayi bai iso masa ba. Abin ya ɗaure mini kai, domin shi malamin addini ne, kuma ya yi imani cewa Allah yana yin abin da ya so. To, ta yaya ya haɗa waɗannan biyun? Duk malaman Katolika na zamaninsa sun yarda da shi? Kuma a wurinsu, abu yana zama mai kyau ne don Allah ya yi umarni da shi, ko kuwa Allah ya yi umarni da shi ne don yana da kyau?"

Wa alaikumus salam, malama. Tambayoyinki uku ne a baki, amma jijiyarsu ɗaya ce: ina tushen kyau da muni yake, a cikin sanin Allah da hikimarsa, ko a cikin nufinsa da umarninsa, kuma wane rabo hankalin mutum ya samu daga wannan tushe? Gajeriyar amsa ita ce ba duka suka yarda da Akwinas ba, domin tun bai daɗe a kabari ba manyan malamai na cocinsa suka ja da shi a kan wannan batu. Abin da ya raba su kuwa ya fi batun ɗa'a zurfi. Sun saɓa ne a kan wanne ke gaba tsakanin sani da nufi, kuma amsar da kowannensu ya bayar game da Allah ita ce ya maimaita game da zuciyar mutum. Wanda ya riƙe wannan zare zai iya bin muhawarar daga farko har ƙarshe.

Abin da ya tayar da tambayar

Har zuwa ƙarni na 12, tunanin Kiristocin Yammacin Turai yana tafiya ne a kan Agustin, bishop na Hippo, garin da a yau ake kira Annaba a Aljeriya, wanda ya rasu a shekarar 430. Daga ayyukan Aristotal, masanin falsafar Girka, kuwa, kaɗan daga littattafan manɗiƙi kawai ke hannunsu. Bayan birnin Toledo na Andalus ya faɗa hannun Kiristoci a 1085, sai ya zama cibiyar fassara daga Larabci zuwa Latin, inda littattafan Ibn Sina suka shiga Turai. Wajen 1230 sharhunan Ibn Rushd na Kurɗuba suka biyo baya, kuma kafin 1250 littafin Aristotal na ɗa'a ya samu cikakkiyar fassara daga Girkanci. Sai ga malaman coci sun tsinci kansu a gaban mutumin da ya rayu sama da shekaru 300 kafin haihuwar Annabi Isa, bai san Attaura ba, bai san Linjila ba, amma ya yi bayanin adalci da jarunta da kamun kai da abota a tsare, har suna ganin akasarin abin da ya faɗa gaskiya ne. Daga ina ya samo? A 1210 da 1215 an hana karantar da littattafansa na kimiyyar halitta a Paris, amma zuwa 1255 jami'ar ta mayar da su karatun dole. A cikin wannan guguwa Akwinas ya taso. An haife shi wajen 1225 a Rokaseka da ke kudancin Italiya, ya shiga ƙungiyar masu wa'azi ta Dominikan duk da adawar danginsa, ya yi karatu a hannun Albat Babba, shahararren malamin ƙungiyar, ya koyar a Paris da Italiya, ya rasu a ranar 7 ga Maris, 1274, bai kammala babban littafinsa Summa Theologiae ba.

Amsar Akwinas

Kafin Akwinas ya ce komai game da ɗa'a, ya riga ya kafa wani ginshiƙi game da Allah, wato cewa Allah ba haɗaɗɗe ba ne daga sassa ta kowace fuska. Saninsa da nufinsa da nagartarsa ba wasu abubuwa ba ne da aka ƙara a kan zatinsa, su ne zatin nasa. Idan haka ne, to tambayarki ta uku ta tsaya a kan zaɓi biyu da shi bai karɓi ko ɗaya yadda aka gabatar ba. Bai yarda akwai wani ma'aunin kyau a wajen Allah wanda Allah ke dubawa ya bi ba, domin babu abin da ke sama da shi. Bai kuma yarda akwai tsuran nufi da ke yanke hukunci ba tare da hikima ba, domin nufin Allah da hikimarsa ba su rabuwa. A cikin muhawarorinsa game da gaskiya ya faɗa ƙarara cewa wanda ya ce adalci ya rataya ne a kan tsuran nufin Allah, to ya ce nufin Allah ba ya bin tsarin hikima ke nan, kuma wannan saɓo ne.

To, ina ikon Allah na yin abin da ya so? Akwinas ya ce Allah mai iko ne a kan duk abin da bai ci karo da kansa ba, kuma game da abin da ya ci karo da kansa, ya fi dacewa a ce ba mai yiwuwa ba ne, a kan a ce Allah ya kasa. Allah yana da cikakken zaɓi ya halicci duniya ko ya bari, ya halicci mutum ko wata halitta dabam. Amma da ya halicci mutum, mai jiki da hankali, mai buƙatar abinci da iyali da jama'a da gaskiya, to abin da ke gyara mutum da abin da ke ɓata shi sun riga sun biyo halittar. Maƙeri yana da zaɓi ya ƙera lauje ko ya ƙera fartanya, amma idan lauje ya ƙera, kyansa kaifi ne, kuma babu yadda za a yi dakushewa ta zama ita ce nagartar lauje alhali yana nan a matsayin lauje. Haka Akwinas ya ɗauki kisan kai da ƙarya da cin amana: an hana su ne domin suna rushe irin halittar da Allah ya zaɓa ya yi.

A nan ne darasinku na falsafar doka ya shigo. Ya bayyana doka da cewa tsari ne na hankali, domin amfanin jama'a baki ɗaya, daga wanda ke da alhakin kula da jama'ar, wanda kuma aka sanar da shi. Ki lura cewa hankali ya sa a gaba, bai ce doka ita ce abin da mai ƙarfi ya so ba. Sannan ya kasa ta huɗu. Akwai madawwamiyar doka, wato hikimar da Allah ke tafiyar da dukkan halitta da ita. Akwai dokar halitta, wato rabon da mai hankali ya samu daga waccan madawwamiyar doka, domin dutse da dabba suna bin tsarin Allah ba tare da sani ba, mutum kuwa yana gane shi kuma yana tsara wa kansa da wasu. Akwai dokar ɗan Adam, sai kuma dokar da Allah ya saukar ta wahayi. Saboda haka idan ya ce hankali yana gane kyau, ba yana nufin hankali ya tsaya da ƙafarsa ya rabu da Allah ba. A wurinsa hasken hankali shi kansa baiwa ce daga Allah, kuma Aristotal da wannan baiwa ya ga abin da ya gani.

Ka'ida ta farko da hankali ke kamawa a fagen aiki ita ce a aikata alheri a neme shi, a guji sharri. Wannan ita kaɗai ba ta gaya wa kowa abin da zai yi gobe da safe ba, shi ya sa ya cika ta da abubuwan da halittar mutum ke karkata gare su: kare rai, wanda muka yi tarayya da kowane abu a cikinsa, haɗuwar namiji da mace da renon 'ya'ya, wanda muka yi tarayya da dabbobi, sai neman gaskiya game da Allah da zama cikin jama'a, wanda namu ne mu kaɗai. Ɗalibai sukan tsaya a nan, alhali abin da ya biyo baya ya fi muhimmanci ga mai karatun shari'a. Akwinas ya ce gwargwadon yadda aka gangaro daga manyan ka'idoji zuwa ƙananan hukunce-hukunce, gwargwadon yadda tabbaci ke raguwa. Mayar da ajiya ga mai ita daidai ne a mafi yawan lokuta, amma idan mai ajiyar zai karɓa ne don ya yaƙi ƙasarsa, hankali da kansa zai hana. Ya kuma kawo labarin da Yuliyas Kaisar ya bayar cewa Jamusawan dā ba su ɗauki fashi a matsayin laifi ba, don ya nuna cewa mummunar al'ada da son zuciya suna iya rufe wa al'umma guda ido. Game da wanda yunwa ta kai shi bakin mutuwa, ya ce idan ya ɗauki abin da zai ceci ransa daga dukiyar wani, a haƙiƙa ba sata ya yi ba, domin an yi dukiya ne don biyan buƙatar ɗan Adam. Game da dokar zalunci kuwa, ya ce gurɓatar doka ce, ba ta ɗaure lamiri, ko da yake wani lokaci mutum zai bi ta don gudun fitina, sai idan ta umarce shi da saɓa wa Allah. Wannan magana ce Martin Luther King, jagoran fafutukar 'yancin baƙar fata a Amurka, ya jingina da ita a wasiƙar da ya rubuta daga kurkukun Birmingham a 1963.

Duk wannan gini yana buƙatar wata fahimta ta musamman game da hankalin mutum. Akwinas bai yarda ana haihuwar mutum da ilimi a rubuce a cikinsa ba. Komai yana farawa ne daga gani da ji da taɓawa, sannan wani ƙarfi da ke cikin ran kowane mutum ya zaro ma'anar gama-gari daga waɗannan hotuna. Ibn Rushd ya tafi a kan cewa hankalin da ke karɓar ma'anoni guda ɗaya ne ga dukkan mutane, kuma wasu malaman Paris, irin su Sija na Barabant, sun karkata ga haka. A 1270 Akwinas ya rubuta raddi na musamman, yana mai cewa wannan mutum ɗin da ke gabanka shi ne ke fahimta, kuma idan hankalin ba nasa ba ne, to nufin ma ba nasa ba ne, sai lada da azaba da yabo da zargi su rushe gaba ɗaya.

Ya kuma raba lamiri hawa biyu. Akwai tartsatsin da ba ya mutuwa, wanda ke riƙe da manyan ka'idoji kuma ba ya kuskure, sannan akwai hukuncin da mutum ke yankewa a kan wani aiki takamaimai, wanda yana iya kuskure. Abin da ke girgiza ɗalibaina a duk lokacin da muka zo wurin nan shi ne matsayarsa cewa ko lamiri mai kuskure yana ɗaure mai shi. Misalin da ya bayar da kansa shi ne imani da Almasihu, wanda a wurinsa wajibi ne don tsira, amma ya ce idan hankalin mutum ya nuna masa shi a matsayin mugun abu kuma ya aikata, to nufinsa ya karkata ga sharri, tun da abin da ya ɗauka sharri ne ya zaɓa. Sai dai bai ce bin lamiri mai kuskure yana wanke mutum kullum ba. Idan jahilcin na sakaci ne, ko na abin da ya wajaba ya sani, laifin yana nan.

Ina amfanin wahayi ke nan? Tun a shafin farko na babban littafinsa ya amsa cewa ko gaskiyar da hankali zai iya kaiwa gare ta game da Allah, mutane kaɗan ne za su kai, bayan dogon lokaci, kuma gauraye da kurakurai masu yawa. Ya ƙara da cewa makomar mutum ita ce ganin Allah, abin da ya fi ƙarfin halittarsa, cewa hukuncin mutane yana saɓawa, cewa dokar ɗan Adam ba ta leƙa zuciya, kuma ba za ta iya hukunta kowane sharri ba. Bayan haka ma, sanin daidai dabam, aikata shi dabam, kuma na biyun ba ya cika sai da taimakon Allah.

Inda aka ja da shi

Wurin da ginin Akwinas ya fi fuskantar matsi shi ne nassin Littafi Mai Tsarki da kansa. Allah ya umarci Annabi Ibrahim ya yanka ɗansa, wanda a nassinsu Ishaku ne, kuma ya umarci Isra'ilawa su fita da zinariya da azurfar Masarawa. Idan hana kisa da sata ba ya canzawa, yaya aka yi Allah ya yi umarni da su? Akwinas ya amsa cewa Dokoki Goma ba a ɗage ko ɗaya daga cikinsu. Kisan kai shi ne ɗaukar rai ba bisa haƙƙi ba, Allah kuwa shi ne mai rai da mutuwa, don haka wanda ya zartar da umarninsa bai yi kisan kai ba. Sata ita ce ɗaukar abin wani, dukiya kuwa ta Allah ce, yana mayar da ita ga wanda ya so. Wannan amsa tana da ƙarfi, amma mai lura zai ga cewa ta buɗe ƙofa: idan umarnin Allah yana iya sauya sunan aiki, ashe umarnin yana da babban rabo a cikin hukuncin.

A ranar 7 ga Maris, 1277, shekara uku cif da rasuwar Akwinas, bishop na Paris Etiyen Tamfiye ya haramta koyar da maganganu 219. Da yawansu sun shafi abu biyu, wato taƙaita ikon Allah da ka'idojin Aristotal, da kuma cewa nufin mutum dole ne ya bi abin da hankali ya yanke. Wasu daga ciki sun yi kusa da ra'ayoyin Akwinas, har sai da aka janye abin da ya shafe shi a 1325, shekara biyu bayan coci ta ayyana shi waliyyi. Tsoron masu sukar a fili yake: idan nufi bawan hankali ne, to kowane zunubi kuskuren lissafi ne kawai, kuma babu wanda ya taɓa saɓa wa Allah da gangan.

Yohanna Duns Iskotus, ɗan ƙungiyar addini ta Faransiskan daga Iskotilan, wanda ya koyar a Oxford da Paris kuma ya rasu a Kolon a 1308, shi ne ya ba wannan tsoro tsari na ilimi. Ya ce hankali kamar sauran abubuwan halitta yake, idan hujja ta bayyana dole ya karɓa, nufi ne kaɗai ke iya yi ko bari a lokaci guda. Ya ɗauko daga Anselm na Kantabari, wanda ya rasu a 1109, cewa nufi yana da karkata biyu, ɗaya zuwa ga abin da ke amfanar mai shi, ɗaya zuwa ga adalci don kansa. A ganinsa ɗa'ar da aka gina a kan neman cikar kai, kamar ta Aristotal, ba ta wuce karkata ta farko ba, 'yanci na gaskiya kuwa yana cikin iya son abu domin darajarsa ko da ba ka ƙaru da komai ba. Da ya juya ga Allah sai ya yi irin wannan rabo. Abu ɗaya ne Allah ba zai taɓa umartar kishiyarsa ba, wato a ƙaunace shi, kada a bauta wa wani, kada a wulaƙanta sunansa, domin shi ne nagarta marar iyaka. Dokokin da suka shafi maƙwabci, irin su hana kisa da sata, sun dace matuƙa da waccan ka'ida, amma ba su fito daga gare ta dole ba, saboda haka Allah yana iya ɗage su da gaske, kuma abin da ya faru da Ibrahim ɗagewa ce ta haƙiƙa.

Wiliyam na Okam, shi ma Faransiskan daga Ingila, wanda ya gudu daga Abinyon, mazaunin Fafaroma a lokacin, a 1328 bayan rikici da Fafaroma kuma ya rasu a Munik wajen 1347, ya ƙara matsawa gaba. Ya ce babu wanda ke bin Allah bashi, don haka babu abin da ya wajaba a kansa. Ayyukan da muke kira sata da zina, da Allah ya yi umarni da su, da mai yin su ya samu lada, kuma da ba a kira su da waɗannan sunaye ba. Har ya taɓo yiwuwar Allah ya umarci a ƙi shi, ko da yake a wani wuri ya nuna cewa irin wannan umarni ba ya biyuwa, tun da wanda ya bi shi don ƙaunar Allah ya riga ya saɓa masa. Amma a yi masa adalci. Ya bambanta abin da Allah ke iya yi da tsuran ikonsa da abin da ya riga ya tsara a wannan duniya, kuma ya dage cewa aiki ba ya zama na kirki sai an yi shi bisa hankali madaidaici. Masu nazarinsa har yau sun rabu a kan yadda waɗannan maganganu biyu ke zama tare.

Saɓanin bai tsaya a takarda ba. An tambayi malaman zamanin ko ya halatta a ƙwace 'ya'yan Yahudawa a yi musu baftisma ba da yardar iyayensu ba. Akwinas, duk da imaninsa cewa baftisma hanyar tsira ce, ya ce bai halatta ba, domin kafin yaro ya yi hankali yana ƙarƙashin kulawar iyayensa bisa adalcin halitta, kuma dokar da ta zo ta wahayi ba ta rushe wannan haƙƙi. Iskotus ya ce sarki yana iya yi, domin haƙƙin Allah a kan yaron ya fi na iyaye. Ni a wurina wannan mas'ala ta fi kowace bayyana abin da dokar halitta ke karewa, wato haƙƙin wanda ba addininka ɗaya da shi ba. Sai dai shi wannan Akwinas ɗin ya amince a miƙa ɗan bidi'ar da ya dage ga hukuma ta kashe shi, kuma bai ga bauta a matsayin abin da ya saɓa wa dokar halitta ba. Wannan ita ce suka mafi nauyi a kan tsarinsa, cewa abin da malami ya kira hukuncin hankali yakan zama al'adar zamaninsa ce ya ɗauka halitta.

Kwatanci da ilimin kalam

Da zarar na gama wannan bayani a aji, sai wani ɗalibi ya ce ashe Akwinas Mu'utazili ne, Okam kuma Ash'ari. Akwai ƙamshin gaskiya, domin muhawarar kyau da muni, ko hankali ke gane su, kamar yadda Mu'utazila suka ce, ko shari'a ce ke tabbatar da su, kamar yadda Ash'arawa suka ce, ta gudana a Basra da Bagadaza ƙarnoni kafin a kafa jami'ar Paris. Amma nakan ja musu kunne. Littattafan Ash'ari ba su shiga Latin a wancan zamani ba, abin da Turawa suka sani na malaman kalam ya iso musu ne ta bakin masu sukarsu, wato Ibn Rushd da malamin Yahudawa Musa bin Maimun. Ta hannun na biyun ne Akwinas ya soki masu cewa babu dalilin da ya sa wuta ke ƙuna ba ta sanyaya ba sai tsuran nufin Allah. Ko Gazali, saboda littafinsa na taƙaita ra'ayoyin masana falsafa ne ya isa gare su, galibinsu sun ɗauke shi almajirin Ibn Sina. Sannan Akwinas ya saɓa wa Mu'utazila a manyan wurare: a batun ƙaddara yana bin Agustin ne sau da ƙafa, kuma bai yarda halitta tana bin Allah bashi a zahiri ba, abin da Allah ke cikawa shi ne abin da hikimarsa ta tsara. Idan dole sai an nemo makamanci, matsayar malamin kalam Maturidi, cewa hankali yana gane wani sashe na kyau da muni amma mai wajabtawa Allah ne, ta fi cancantar a ajiye ta kusa da wannan muhawara, ita ma da taka-tsantsan.

Matsayata da iyakarta

Ni malamin tarihin falsafa ne, ba na magana da yawun coci kuma ba fatawa nake bayarwa ba. A matsayin mai nazari, ina ganin Akwinas ya fi ƙarfi a tambayarki ta uku, domin idan kyau ba shi da ma'ana sai abin da aka umarta, to faɗin cewa Allah nagari ne ya zama faɗin cewa yana yin abin da yake yi, kuma yabo ya rasa abin da yake yabo. Iskotus kuwa ya fi shi gaskiya game da zuciyar mutum, domin kowa ya san yadda ake ganin daidai sarai a juya masa baya. Amma amsar Akwinas tana tsaye ne a kan cewa sifofin Allah su ne zatinsa, kuma wanda bai karɓi wannan ba, kamar yadda Ash'arawa ba su karɓa a haka ba, tambayar za ta dawo masa ɗanya. Akwai kuma abin da ya biyo baya wanda shi bai nufa ba. Wani malamin coci, Giregori na Rimini, wanda ya rasu a 1358, ya ce ko da a ce babu Allah, abin da ba zai yiwu ba, saɓa wa hankali madaidaici zai kasance zunubi, kuma masanin shari'a ɗan Holan, Hugo Girotiyas, ya maimaita makamancin haka a 1625, daga nan dokar halitta ta fara tafiya ba tare da tauhidinta ba. Littattafan falsafar doka sukan gabatar da Akwinas ta wannan fuska ta baya, shi ya sa ya yi miki kama da mai ture wahayi. Cocin Katolika dai ta fi karkata gare shi, musamman tun 1879 da Fafaroma Liyo na 13 ya umarci a mayar da koyarwarsa ginshiƙin karatu a makarantunta, amma ba ta fitar da Iskotus daga gida ba, domin a 1993 ta tabbatar masa da matsayin mai albarka, matakin da ke ƙasa da na waliyyi.

Idan za ki koma ga nassin da kanki, ki fara da tambaya ta 90 zuwa ta 97 a kashi na farko na sashe na biyu na Summa, sannan ki tsallaka zuwa ta 100 inda batun Ibrahim yake. Ki kiyaye da tsarin rubutun. Kowace mas'ala tana buɗewa ne da hujjojin ɓangaren da zai saɓa wa, a jere kuma da ƙarfinsu, sai gajeren nassi da ke ja da su, sai amsarsa wadda ke farawa da "na amsa cewa", sannan ya koma ya warware hujjojin farko ɗaya bayan ɗaya. Na sha gyara takardun jarrabawa inda ɗalibi ya kwafo hujjar farko ya jingina wa Akwinas, alhali ita ce ainihin abin da ya zauna ya rushe.